Tulu da Fitila a Limancin Kona

Lahadi, 18 ga Nuwamba 1990, da hantsi

Tulu na zana. Tulu da fitila. Duk wanda ya ga wani abu ban da wannan, idonsa ne, ba alƙalamina ba.

Na fara da wannan saboda tun jiya ba wanda ya tsaya ya ji ta bakina. Malam Aƙilu, shugaban ƙungiyarmu ta A Fito, mai koya wa mutanen unguwa yadda ake zaɓe, shi ya kira ni ya ce, "Bahago, bana babu akwati, babu dangwala yatsa. Hoton ɗan takara za a kafa, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga. Mutanenmu ba su saba ba, sai mun yi musu gwaji. Zana mana abu biyu marasa rai, kada ka kuskura ka sa hoton kowa." Na ce to. Na ɗauko tawada da kwali, na zana tulu, na zana fitilar ƙwai. Tulu dai kowa ya san da ciki ake gina shi. Hular da na ɗora masa don kada ƙuda ya faɗa ne. Fitila kuwa doguwa ce siririya tun asali, tabarau ɗin da na sa mata kuma, to, ita ma tana son gani.

Ina ruwana in Alhaji Lado yana da tumbi da karkatacciyar hula, Malam Jalo kuma dogo ne mai tabarau, kuma su biyun ne ke neman kansilan unguwarmu?

An yi dariya a filin bakin masallaci har wani dattijo ya zauna a ƙasa. Sai aka ce a yi layi. Aka yi. Kowa ya waiwaya ya ga inda maƙwabcinsa ya tsaya. Daga nan dariyar ta tafi.

Lahadi, bayan magariba

Iya ta aiko mini da tuwo, ba ta kira ni ba.

Kullum in na shigo sai ta ce, "Ga ragon mijin nan nawa, ko cefane babu." Ni kuma in ce, "Wa zai yi wa amarya mai haƙori biyu cefane?" Haka muke tun ina rarrafe, kaka da jika. Yau labulenta a sake yake. Na tsaya a bakin ƙofa na yi muryar mai tallan goro, na yi ta akuya, na yi ta ladan in mura ta kama shi. Shiru.

A bayan fitila Iya ta tsaya jiya. Can ɓangaren inuwar durumi ta faɗa, tsohuwa kuwa ba ta son rana. Inuwa ce kawai. Sai dai matan da suka bi bayanta sun yi yawa, Alhaji Lado kuma yana tsaye jikin motarsa, kuma shi ke auren Goggo Larai, 'yar Iya ta fari.

Litinin, da azahar

Goggo Larai ta zo ganin gida. Ban san ana zuwa ganin gida da akwatuna da tukwane har da turmi ba.

Talata, da safe

Na yi mafarki tulun ya sauko daga kan kwali yana tafiya cikin lungu, ruwa na ɓulɓula a cikinsa, yana gaisawa da mutane ana durƙusa masa. Fitila na biye da shi a kunne da rana tsaka, ba mai ganin haskenta. Na bi su har Ƙofar Kona. Can na tarar da layi a kan ganuwa, mutane jere kamar hankaki, har da kakana Malam da ya rasu ina ƙarami, riƙe da butarsa. Na ce, "Malam, bayan wa kuka tsaya?" Ya ce, "Mu nan hoton ba ya juyowa, ƙeyarsa kawai muke gani."

Na farka bakina duk ɗanɗanon tawada.

Talata, bayan la'asar

A zauren da muke ɗinkin riga yau ba a yi hira ba, sai ƙarar jan zare. Ya'u, wanda muke zama kan tabarma ɗaya, ya matso ya ce a hankali, "Ka ji mai ƙosai ta ce gidajen 'yan tulu sun daina aiko yara?"

Na ce, "Ƙosan nata dama gishiri ya yi masa yawa."

"Mahaucin bakin titi kuma maigidan hayarsa ya ce ya nemi wani ɗaki."

"Dama ɗakin yana yoyo."

Ya ajiye allura ya dube ni. "Kai komai wasa ne?"

Na yi masa tafiyar tulu daga zaune. Ya so ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Alhamis, bayan isha'i kaɗan

Taron ƙungiya a zauren Malam Aƙilu. An shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa kamar yadda aka saba, waɗanda suka zo ba su cika ko ɗaya ba.

Malam Aƙilu tsohon akawun En'e ne, ba ya faɗa, sai dai ya cire hula ya shafa kai. Ya cire ya shafa har na zaci zai goge sauran gashin. Ya ce, "Mun tara mutane don mu cire musu tsoro, sai muka nuna musu ainihin abin da za su ji tsoro. Yanzu kowa cewa yake ranar zaɓe yana da zazzaɓi. Mata kuma sun ce Iya suke kallo, in ta fita su fita, in ta zauna su zauna. Maza ma in ba su ji motsin mata ba kunya ba za ta kore su daga gida ba. In unguwarmu Limancin Kona ta wuni a ɗaki ranar nan, sai mu naɗe tabarmar ƙungiyar nan, aikinta ya ƙare."

Ya dube ni. Na jira. Abin da kawai ya ce, "Bahago, hannunka yana da kyau. Allah ya shirye shi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, bayan sallah

Sahu ya miƙe, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ana sallama kowa ya nemi takalminsa.

Asabar, da hantsi

Ina ɗinka aska takwas a wuyan rigar wani, sai idona ya tafi, na koma tsakar gidanmu na shekarar saba'in da tara, lokacin da aka ce mata ma su fito zaɓe.

Ina ɗan ƙarami. Iya ungozoma ce, ba gidan da aka taɓa hana ta shiga, rabin unguwar nan a hannunta suka fara kuka. Malam Aƙilu ya zo ya tsaya a zaure ya ce, "Iya, mu maza iyakarmu nan. Ciki sai ke." Shi ke nan aka kafa ƙungiya, ba kujera ba tebur, shi a zaure ita a bayan labule. Sunan ma daga bakinta ya fito, don duk gidan da ta shiga abin da take fara cewa ke nan: "A fito, a fito."

Ta sa aka kewaye kusurwar tsakar gida da zana, ta ce wannan shi ne ɗakin sirri. Ta jiƙa shuni a kasko, ni nake riƙe mata. Mata su shiga ɗaya bayan ɗaya, su tsoma babban yatsa su dangwala a tsohuwar jarida, su jefa a cikin ƙwarya mai murfi. Wata ta tambaya ko lalle zai ɓata ƙuri'a. Wata ta fito ta ce, "Iya, ba wanda ya gan ni?" Iya ta ce, "Daga ke sai Mahaliccinki." Matar ta koma ta sake dangwalawa don daɗi. Sati guda duk tuwon unguwar nan da ɗan shuɗi a gefensa, maza suna ci suna tambaya.

Aka yi na tamanin da uku. Soja suka dawo, zanar ta zama garken awaki. Da aka sake kiran zaɓen ƙananan hukumomi Iya ta kori awakin ta sayi sabuwa. A shekarar na shiga sosai, ni ne mai yekuwa, ni ne mai kwaikwayon malamin zaɓe, ni ne kurman da ya zo ba kati.

Bana babu zana. Bana fili ne fetal.

Na dawo hayyacina na ga na ɗinke aska ta tara. Sai warwara.

Lahadi, da la'asar

Mata suna ta aiko 'yan mata, wai a gaishe da Iya da jiki. Jikinta lafiya lau. Duk wadda ta zo sai ta tsaya tana murza gefen mayafi, can ta ce, "Wai in ji Inna, ranar nan ana fita?" Iya ta ce, "Ki ce ina gaishe ta."

Goggo Larai tana ta daka. Abin da take dakawa ya zama gari tun ɗazu.

Litinin, bayan magariba

Malam Aƙilu ya je wurin Alhaji Lado ba da haƙuri. Ya biyo ta gidanmu, ya tsaya a zaure inda ya saba tsayawa, Iya tana bayan labule, ni ina kwance kan dakali kamar mai barci.

Ya ce, "Na ce masa gwaji ne, na ce masa inuwa ce. Ya ce a gaban jama'a aka tozarta shi. Ya ce, 'Da idona na gan ta, ba wani ya faɗa mini ba.' A zaurensa ma haka yake ta maimaitawa ga duk wanda ya shigo."

Ya ci gaba.

"Ya ce ranar zaɓe ma idonsa na nan. In ya ga abin da ya faranta masa, ya san hanyar gidan nan. In ya ga wancan kuwa…"

Sauran ba zan rubuta ba. Turmi ya tsaya cak a cikin gida, daga baya ya ci gaba.

Malam Aƙilu ya ce, "Iya, ban ce ki fita ba, ban ce ki zauna ba. In kin tsaya bayansa don tsoro, duk abin da muka faɗa wa mata a bayan zana ya zama ƙarya. In kin tsaya can, kin san abin da ke nan. Ni ba ni da bakin magana."

Ya tafi ya manta sandarsa.

Talata, da azahar

Tulu ne kawai.

Laraba, kafin magariba

Na gudu daga zaure na hau inda ganuwa ta zube ta yi tudu. Daga can ana hango dutsen Kufena, shuɗi-shuɗi kamar an jiƙa shi a kaskon Iya. Shanu na komawa gida a layi, ba wadda ta waiwayi 'yar'uwarta. Shirwa na shawagi sama, ita ce malamin zaɓensu.

Na yi ta tunani, da ni ne gwamna da na ce kowa ya zo zaɓe da tulu kife a kansa. Layi biyu na tuluna, ana ƙirgawa ana ƙwanƙwasawa, kowanne da irin ƙararsa. Alhaji ya zo ya ƙwanƙwasa wani ya ce, "Wane ne a ciki?" A ce masa, "Ruwa ne."

Na yi dariya ni kaɗai, sai na ji ba daɗi. Dariya in ba Iya a kusa kamar fura ce ba nono.

Juma'a, da hantsi

Iya ta yi magana.

Tana zaune bakin ƙofarta tana kaɗi, mazari na juyawa, rana ta sauka kan ƙafafunta. Na zauna nesa kaɗan ina gyaran alƙalami. Ba ni ta kalla ba, zaren take kallo. Iya ba ta faɗin sunan Goggo saboda 'yar fari ce, balle sunan mijinta. Sai ta ce, kamar mai magana cikin barci:

"Ni abin da ke ba ni mamaki, mutumin can tun da ya ɗauki yarinyar nan bai taɓa ganin fuskata ba. In ya zo gaisuwa daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ni ina bayan labule. In mun haɗu a lungu ya juya ya bi wani. Haka aka yi masa tarbiyya, ban taɓa kama shi da rashin kunya ba." Mazari ya tsaya, ta sake murza shi. "To yaya aka yi ya gane ni a cikin taron mata?"

Na ce, "Iya, me kika ce?"

Ta ce, "Da zare nake."

Na fita ina jin wani abu na yi mini susa a ƙirji, irin wanda nake ji in tsokana ta zo.

Asabar, bayan la'asar

Na yi wanka, na sa rigar sallah, na tafi zauren Alhaji Lado a lokacin da na san ya cika. Dattawa jere, har da Malam Tanko mai unguwa da wasu malamai. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa, na yi kalar tausayi.

Alhaji ya ce, "Mai zane ne? An zo a ƙara mini hanci?"

Na ce, "Baba Alhaji, tuba na zo yi. Kuma na zo in wanke ka. Ana yi maka ƙage a gari, raina ya ɓaci."

"Wane ƙage?"

"Wai cewa ake ka ɗaga ido ka ƙare wa Iya kallo a filin masallaci, tun daga kai har ƙafa, har ka tantance ta a cikin mata. Na ce ƙarya ne. Na ce Baba Alhaji ɗan gidan mutunci ne, ko a mafarki ba zai kalli surukarsa ba. Na kusa dambe da wani a kan haka."

Wani malami ya tsaya da goro a hannu bai kai baki ba.

Alhaji ya ce, "Ai ni da idona…" Sai ya tsaya.

Mai unguwa, wanda kunnensa ɗaya ne ke aiki, ya karkato shi ya ce, "Da idonka me, Lado? Uwar matarka?"

"A'a, wato, Malam, an ce mini ne…"

"Au, an ce maka. To wa ya ce? Wane marar kunya ne ya tsaya leƙen matan mutane a cikin mayafi?"

Wani daga can ƙurya ya ce shi ranar ma ciwon ido yake. Wani ya ce shi alwala ya tafi. Alhaji ya cire hular nan ya riƙe ta a hannu, karon farko da na ga kansa. Ya ce, "Tashi ka tafi, ɗan banza." Amma muryar ba ƙarfi.

Na fito a hankali kamar mutumin kirki har na sha kwana. Daga nan na yi tsalle na taɓo indararon gidan wani.

Lahadi, bayan la'asar

Na kwashe duka na faɗa wa Malam Aƙilu, har da muryar mai unguwa. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon rufin zaure, can ya ce, "Gwamnati ta ɗauke mana zana. Ashe muna da wata a gida ba mu sani ba."

Na ce, "Wace?"

"Kunya. A unguwar nan wa ba surukin wani ba ne? Wanda ba ka auri 'yarsa ba, ƙaninka ya aura. Wanda ba surukinka ba malaminka ne." Ya sa hula. "Gobe ka ɗauki lasifika. Ka ce ranar Asabar kowa surukin kowa ne. A zo da kati, a sunkuyar da kai, a tsaya inda ake so. Malamin zaɓe kaɗai aka yarda ya ɗaga ido, shi ma baƙo ne. Duk wanda ya dawo yana cewa na ga wane a layin wane, shi ya tona wa kansa asiri."

Na ce, "In ƙara gishiri?"

Ya ce, "Kaɗan. Kuma kada ka zana komai."

Talata, da yamma

Kwana biyu ina yawo da lasifika, muryata ta dushe. A kowace mahaɗa nakan tsaya in yi musu wasan Mai Kallon Surukai: in zaro ido kamar mujiya, in miƙa wuya, in leƙa ƙarƙashin mayafin da Ya'u ya yafa, shi kuma ya rafka mini ludayi. Yara sun ɗauka. Yanzu ko kallon mutum ka cika yi sai ka ji an ce, "Kai, surukarka ce!"

Mahaucin bakin titi ya ba ni tsire. Maigidan hayarsa yana zaune a bencin, yana ta kallon yatsun ƙafarsa.

Amma daga bayan katanga tambayar ɗaya ce. Murya ta taso ba fuska: "Bahago, Iya fa?"

Sai in ce lasifika ta lalace.

Alhamis, da azahar

Daga gidan Alhaji ba aike, ba saƙo. Bai ce ya janye ba, bai ce yana nan kan bakansa ba.

Goggo ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Kai kana ganin ka yi dabara. Bakinsa ka rufe, ba idonsa ba. Ni na san wanda nake aure." Ta ja guga. "Ƙaramin nawa yana can, ban san wa ke yi masa wanka ba."

Na ɗaukar mata bokitin.

Juma'a, da safe

Mafarki kuma. Duk unguwa ta fito fili amma ba kowa sai takalma, jere a layi biyu, suna matsawa da kansu. Na nemi na Iya ban gani ba. Sai na ji mazari na juyawa a sama, zaren na saukowa, yana bi ta tsakanin layukan yana ɗinke su kamar wuyan riga.

Juma'a, bayan magariba

Iya ta wanke mayafinta ta shanya. Wanki dai ana yin sa kowace rana. Ban tambaya ba.

Asabar, ranar zaɓe, da hantsi

Ina rubutu a gindin durumi. An kafa hotuna biyu, na gaske, a kan sanduna. An tantance katunan maza, sun taru gefe guda, sun fi yadda na zata amma ba su kai yadda ake so ba. Kowa na duban ƙasa kamar an yar da allura. Malamin zaɓe baƙo ne daga Tudun Wada, ya tambayi Malam Aƙilu ko rasuwa aka yi.

Wajen mata ba kowa. Tabarma ce kawai da akuya.

Da na fito daga gida labulen Iya a sake yake. Mayafin ba ya kan igiya.

Malamin zaɓe ya duba agogo ya ce in ba su zo ba zai rufe tantancewa. Malam Aƙilu ya cire hula.

Asabar, bayan la'asar

Ƙamshi ne ya fara zuwa, turaren wuta da man shanu, daga lungun gidanmu. Sai ƙarar awarwaro. Wani ya ce a hankali, "Ga su nan," duk kawuna suka ƙara yin ƙasa. Nawa ma. Ban san wuyana ya iya haka ba.

Ƙafafu kawai na gani. Masu lalle, masu kaushi, masu silifas, masu takalmin biki, suna ta fitowa daga kowane lungu kamar ruwan indararo, har suka rufe tabarmar, akuya ta gudu. A gaba akwai wasu ƙanana masu tafiya a hankali da sanda a gefensu. Na san su.

Alhaji Lado yana kan hanyarsu, don a nan shi ma yake zaɓe. Na ga takalmansa masu sheƙi sun tsaya. Na ga ƙafa ta fita daga ɗaya, ta fita daga ɗayan. Na ga gwiwar babbar riga ta taɓa ƙasa.

"Iya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya iyali?"

Ya ce, "Suna lafiya."

"Madalla."

Sanda ta ci gaba.

Da aka gama duba katunansu malamin zaɓe ya ce a yi layi. Ƙafafun suka fara rabuwa, wasu dama wasu hagu, ƙananan nan suna tsakiya ba su karkata ba tukuna. Idona ya fara yi mini ƙaiƙayi. Ni da ko ƙadangare ya gifta sai na san inda ya shiga. Na runtse shi gam, na juya, na laluba na kama rigar na gabana a layin da na zaɓa.

A cikin duhun nan na tsaya ina jin rana a ƙeyata. Ba tari, ba magana, sai kukan kurciya a kan durumi da muryar baƙon nan tana matsowa yana ƙirga. Ya daɗe ƙwarai kafin ya iso kaina, ya kuma daɗe bayan ya wuce. Na ji Malam Aƙilu a bayana yana jan hanci, wai mura.

Malam Jalo ne ya ci, da kaɗan. Ba a yi guɗa ba, ba a yi ihu ba. Aka watse kowa na kallon gabansa.

Lahadi, da azahar

Ba aike daga gidan Alhaji. Goggo ba ta daka komai ba yau, tana zaune kan turmin.

Litinin, bayan la'asar

Yayar Alhaji ta zo da wasu mata biyu da goro a ƙunshe. Sun daɗe a ɗakin Iya. Abin da na jiyo kawai, yayar tana cewa, "Shi ma ya ce bai san abin da ya haɗa su ba, sharrin shaiɗan ne." Iya ta ce, "Haka ne, shaiɗan ba ya hutawa."

Ni aka sa fitar da kaya zuwa mota. Turmin ya kusa karya mini baya. Da na dawo ɗaukar akwatin ƙarshe na tarar da Goggo ita kaɗai a zaure, ta yafa mayafi, ta sa kwalli. Ta riƙe mini hannun riga.

Ta ce, "Bahago, tsakaninka da Allah. Kai ba abin da ke wuce idonka. Ina ta tsaya?"

Na ce, "Goggo, wallahi ban gani ba."

Ta daɗe tana dubana, tana neman inda dariyar ta ɓuya a fuskata. Babu.

Ta saki rigar. Ta ce, "To. In ya tambaye ni cikin ɗaki, ni ma haka zan ce masa."

Ta gyara mayafi ta fita, na bi ta da akwati.